Ranar Da Na Auna Zuciyar Baba

Ba zan taɓa mantawa da ranar sutanans ɗina ba, wato ranar da ɗalibi ke gwada aikinsa gaban malamai. Har yau in na tuna, sai na rufe fuska, ko da ni kaɗai ce a ɗaki.

Baba ya riga ya yanke hukunci: da na gama shekara ukun nan ta karatun lantarki, sai shagonsa na atamfa a Adidogomé. Ni kuwa ƙarin shekara biyu nake so. Da na matsa, ya ce zai zo ya gani da idonsa, in aikin ya burge shi, to.

Aikin nawa na auna bugun zuciya ne, a kan wani koren allo na gwaji da bai wuce tafin hannu ba. Za a maƙala wa mutum abu a yatsa, bugun ya biyo waya a matsayin wuta mai hawa da sauka. Ɗan baƙin guntun da ke tsakiyar allon sai ya riƙa leƙa wutar sau dubbai a daƙiƙa, kowane leƙe ya mai da shi lamba, ya tura wa kwamfuta ta zana. Tsakanin wayar da guntun akwai wani ɗan maƙalli kamar ƙwayar wake, shi ke haɗa su.

Da safe na ga allon bai yi ƙyalli ba. Na ɗauki buroshi na dirje shi tas (saboda 'yan gidanmu na Zongo za su zo, kun gane). Ban ma ji faɗuwar maƙallin ba.

Baba ya zo da babbar riga, gwaggonnina da kulolin wasa-wasa, dambun garin doyar nan. Maimakon in gwada da yatsana, sai iyayi ya sa na ce, “Baba, bismillah, kawo hannu.”

Zane ya fito a bango, hawa da sauka, gwanin kyau. Gwaggo Ladi ta rangaɗa guɗa. Na gyara mayafi, na shiga zuba Faransanci.

Babban malamin ya katse ni a hankali. “Madmazel, karanta mana lambar da ke ƙasa.”

“Dubu uku,” na ce da ƙarfina.

“A minti ɗaya? Zuciyar mahaifinki?”

Baba ya ji an ambace shi, ya zare yatsa ya dafe ƙirji. Zanen nan ko gezau, ya ci gaba da rawarsa. Ashe tunda maƙalli ya fita, guntun bai san da Baba ba. Kaɗawar wutar lantarkin ɗakin yake tsinta, sau hamsin a daƙiƙa, wato dubu uku a minti, ni kuma ina ta yi mata kirari. Wayyo Allah, kunya! Ɗalibai har da masu dukan tebur.

Malamin ya ara mini wani maƙallin, lamba ta dawo saba'in da wani abu, na ci da ƙyar. Amma ni na riga na fara hango kaina ina ninke atamfa.

A waje Baba ya tare ni.

“'Yar nan, dubu uku fa kika ce.”

“Kuskure ne, Baba.”

“Wadda ta ga dubu uku ba ta tsorata ba, ita zan bar wa awon yadi? Koma makaranta, ba ki gama ba.”

Haka na samu shekara biyuna. Yanzu kafin in buɗe baki sai na karanta lamba tukuna, kuma allona, komai dattinsa, ba mai taɓa shi da buroshi.