Wa'azin da Ya Kama Sa

Ba zan taɓa mantawa da ranin da muka yi a Dakoro ba, tun Nasara ba su shigo ƙasar ba, lokacin wurin bai wuce rijiya ɗaya da 'yan bukkoki ba. Mu biyu jama'armu ta Lakwaja ta aiko da bisharar Almasihu, ni da Barnaba. Ni haifaffen bakin Kwara ne, iyayena Katsinawa da aka 'yanta daga bauta. Na iya ajami, kuma Linjilar da ke cikin gafakata da hannuna na kwafe ta. Barnaba kuwa ya girme ni nesa, ya yi ƙuruciyarsa yana bawa a hannun makiyaya, ko alif bai sani ba. A zuciyata (Allah Ya gafarta mini) na ɗauka an haɗa ni da shi ne don ya riƙa ɗaure kaya.

Mai rijiyar, Baba Jibo, Musulmi ne mai kirki. Ya ce ba a hana baƙo ruwa, mu zauna har damina ta faɗi, mu faɗi abin da muka zo faɗa, mai so ya ji. Sharaɗinsa ɗaya ne: wanda ya ɓata aikin rijiya, ranar zai naɗe tabarmarsa.

Na shimfiɗa buzuna a gindin aduwa, na buɗe takarduna, ina jiran jama'a. Sukan zo, su gaishe ni, su yaba kyan rubutuna, su wuce. Barnaba kuwa tun kwana na biyu ya tuɓe riga ya kama aiki a bakin rijiya. Yana juye ruwa a komi yana ba makiyaya labarin Yesu, irin yadda ake hira, su yi masa gardama, ya yi dariya, su dawo gobe. Wannan duk na haƙura. Abin da ya tsaya mini a maƙogwaro shi ne ranar da wata tsohuwa ta tsaya a kaina da ƙwaryar nono, ta tambaye ni ina Malam Barnaba. Malam. Ni kuma a bakinsu sunana "mai takardun nan."

Na yi addu'a a kan abin, ba sau ɗaya ba. (In faɗi gaskiya, rabin addu'ar roƙo ne Allah Ya cire mini ƙyashi, rabi kuma tuni ne gare Shi cewa ni na yi karatu.) Daga ƙarshe na yanke wa kaina cewa asirin ba a bakin Barnaba yake ba, a bakin rijiya yake. Can mutane ke jira, mai jira kuwa dole ya saurara.

Bari in gaya maka yadda ake jan ruwan, don ni ɗan bakin kogi ban taɓa ganin irinsa ba. Rijiyar ta fi gaba talatin. Gugan wani ƙaton wasaki ne na fata, mutum biyu ba su iya ɗaga shi cike. Igiyarsa ta bi ta kan ƙwarƙwaro, wani itace mai juyawa a saman rijiyar, aka ɗaura ta ga wani tsohon sa. San ya daɗe a aikin har ba ya bukatar mai jan shi. In an ce masa "ja" sai ya miƙe ya yi ta tafiya har wasaki ya fito, in an juye ruwan a ce masa "komo," ya juyo.

Wata safiya garke uku suka iso, sun yi kwana biyu ba su sha ba. Na ga taron da ban taɓa samu ba, na je na roƙi Barnaba ya ba ni wurinsa. Ya dube ni, ya dubi farar rigata.

"Ɗan'uwa, aikin ba wuya, amma ka kula da bakinka. San nan yana jin magana."

"Yaya, ai magana ita ce sana'ata," na ce masa.

Guga na farko ya fito lafiya, na biyu ma haka. A na uku na ce "ja," sa ya kama hanya, ni kuma na juya ga jama'a na soma wa'azi. Kuma fa ya yi daɗi. Na kawo misalin tunkiyar da ta ɓace a daji, na ga makiyaya suna gyaɗa kai, na saci kallon Barnaba don in tabbata yana gani. Daɗi ya kwashe ni, na ɗaga hannu sama, na saki murya iyakar ƙarfina: "Makiyayinka yana kira, ya kai ɓatacce. Komo. Komo!"

Sa ya komo.

Wasaki cike yana tsakiyar rijiya. Igiya ta saki, nauyin ruwa ya fizge ta, ƙullin ya kwance daga jikin san, ta taho tana bulala a ƙasa, ta share mini ƙafafu. Na faɗa rigingine cikin taɓon komi, inda shanu suka gama abin da suka ga dama. Ina kwance na ji wasaki ya daki ruwa can ƙasa, igiya ta bi shi duka. Da na buɗe ido, ga san tsaye a kaina, yana jiran umarni na gaba.

Ba wanda ya yi dariya, shanu garke uku suna kuka. Baba Jibo ya zo ya leƙa rijiya ya daɗe, ni kuwa na riga na fara tunanin yadda zan gaya wa mutanen Lakwaja dalilin korarmu. Barnaba kuwa ya miƙe. Ya sa aka haɗa igiyoyin ɗaure raƙuma, ya ɗaura a ƙugu, maza suka zura shi. Dattijo mai furfura ya sauka cikin wannan duhu saboda bakina. Sai da rana ta take tsaka ya fito da bakin igiya a hannu, gwiwoyinsa duk sun goge.

Bayan shanu sun sha, Baba Jibo ya sa aka kira ni. Na zo da taɓo bushe a ƙeya. Ya ce sharaɗi sharaɗi ne, amma wanda ya shiga rijiya ya roƙa, shi kuma ba ya iya hana shi. Mu zauna, sai dai kada in ƙara kusantar rijiya in ba da ƙishirwa ba. Sa'an nan ya gyara murya.

"Amma baƙona, kada ka raina wa'azinka. Wata uku kana kira, yau dai ka samu wanda ya amsa."

A nan ne dariyar da aka riƙe tun safe ta ɓalle, har da Barnaba, yana riƙe da gwiwa.

Zan so in ce maka ƙyashin ya mutu ranar, amma ban saba rubuta ƙarya ba. Da yamma na ga mata suna layi da ƙoren fura a ƙofar bukkarmu, duk na Malam Barnaba, na ji abin ya sake motsi. Hausawa sun ce hassada ga mai rabo taki ce, to ni ne na yi masa dakon takin, har na kwanta a ciki. Yanzu in na tashi yin wa'azi nakan fara tambayar kaina don wa nake ɗaga murya, sa'an nan in waiga in ga ko akwai sa kusa.