Ranar da Na Tona Asirin Masu Awon Jini

Da ɗaliban likitanci suka kafa tebur a kasuwar Adjamé suna awon hawan jini kyauta, nan take na gano su. Kyauta a Abidjan? Na tara maƙwabtana 'yan butiki na ce, "An saita na'urar nan ne, kowa sai ta ce ba shi da lafiya, su sayar masa da magani. Ku zo ku gani."

Na miƙa hannu. Ɗalibar ta duba, ta ce, "Baba, jininka ya hau sosai, zauna tukuna."

"Kun ji ko!" Na miƙe zumbur, jiri ya kwashe ni, sai cikin kwandon tumatirin Hajiya Rabi. Ɗaliban nan dai su suka kai ni asibiti.

Har yau ko tuntuɓe na yi, sai a ce, "Alhaji, wa ya saita ka?"