Haƙoran Jatau

A wani daji da ke bakin teku, inda ruwan kogi ke haɗuwa da na gishiri, itatuwa ba sa ɓoye saiwoyinsu a ƙasa. Tsaye suke a kansu kamar masu tattare riga za su ƙetare rafi. Ƙarƙashin saiwoyin akwai baƙar laka mai laushi, kuma a cikinta dangin kawa suke zaune.

Kawa halitta ce marar hayaniya. Ɓawo biyu ne suka rufe ta kamar an kifa tafin hannu a kan ɗan'uwansa. Ba ta da kai, ba ta da ido, sai ƙafa ɗaya da take tona laka da ita. In teku ta cika, sai ta ɗan buɗe baki ta riƙa tace ruwa, abincinta da numfashinta duk a ciki suke. In ruwa ya janye ta rufe gam, ta riƙe ɗan abin da ya rage mata har ya dawo.

A cikinsu akwai wani magidanci mai suna Jatau. Shekarunsa sun fara nisa, ɓawonsa ya yi kauri, kuma ba shi da wata damuwa da ta wuce ta 'ya'yansa. 'Ya'yan kawa ba a goya su. Uwa da uba su saki iri cikin ruwa, yaran su ƙyanƙyashe can, su yi ta yawo ƙanana kamar garin gero, har ɓawo ya fara yi musu nauyi. To a nan ne dole su sauko su sami inda za su kafa ƙafa. Wanda bai samu ba kafin babbar cikar ruwa ta tsayuwar wata, teku za ta ja shi can ciki, inda ba a jin labarin kowa.

Jatau bai taɓa ganin ko ɗaya daga cikinsu ba, amma yana jin ƙanshinsu a ruwan da yake tacewa. Tun da suka fara zagayowa kusa ya rage cin abinci, don tsoron kada ya haɗiye ɗansa bai sani ba.

"Malam, ka rame har ɓawo ya yi maka yawa," in ji matarsa Tabawa, wadda ke binne a gefensa. "Yaran da ko fuskarsu ba ka sani ba. In ka haɗiye ɗaya ai dubu sun rage."

"Wanda na haɗiye ɗin fa, ba ɗa ba ne?"

"To ci gaba da azumi. In ka mutu sai su gaji ramin."

"Ai ramin ne maganar, Tabawa. Ba za su gada ba."

Ta san abin da yake nufi. Shekarun baya, da kawa suka yi yawa, majalisar dajin ta raba musu ƙasa gida biyu. A can mahaɗar ɓawo, inda biyun suka kama juna, kowace kawa tana da waɗansu haƙora. Ba na tauna ba ne, su ne ke sa ɓawo ya rufu daidai ba ya gocewa. Na waɗansu ƙanana ne da yawa a jere kamar mataji, na waɗansu kuma manya ne 'yan kaɗan. Majalisa ta ce masu mataji su ne 'yan asalin laka. Sauran aka ba su yashin bakin gaɓa, inda igiyar ruwa ke tone mutum ta jefar kafin ya gama sallama. Kowane gida an duba kakansa a lokacin. Kakan Jatau kuwa ambaliya ce ta kawo shi bayan an gama rabo, don haka zaman alfarma suke yi, alfarma kuma an ce daga kan Jatau ta ƙare. Duk ɗan da ya sauka a laka ba da izini ba, ƙananan kaguwoyi masu gadi za su share shi.

"Ka bar su su tafi yashi," in ji Tabawa a hankali. "Allah ke rayawa. Waɗansu za su kama."

"Na ga ɓawon waɗanda suka kama. Ruwa yana kawo su nan kullum, a buɗe."

Da gari ya waye ruwa ya janye, Jatau ya fito daga raminsa ya fara jan jiki da ƙafarsa ɗaya zuwa gindin babban itacen da majalisa ke zama. Majalisar tana zama ne sa'ad da ruwa ya janye, saboda a lokacin ne manya ke samun wurin tsayawa. Lokacin ne kuma kowace kawa take rufe baki don kada ruwanta ya zube. Shi ya sa tun da aka kafa majalisar ba a taɓa jin kawa ta ƙi amincewa da wani hukunci ba, manya kuwa sukan yaba wa dangin da biyayya.

Tsohuwar Kififiya ce ke shugabanta. A damanta Malam Zalɓe yana tsaye kan ƙafa ɗaya, shi ne masanin al'amuran kawa. A hagunta Gwaggo Kaguwa, uwar masu gadi, wadda ita ma ke da'awar ilimin, kuma ba ta taɓa yarda da Zalɓe a kan komai ba.

Jatau ya ɗan buɗe baki, ya ji ruwansa ya fara ɗiga.

"Ranki ya daɗe, ba zan tsawaita ba, don kowace kalma da ruwana nake biyanta. A lakar nan aka haife ni, a nan ubana ya mutu. 'Ya'yana suna bisa ruwa, nauyi ya fara kama su, wata kuma ya kusa tsayawa. Ina roƙon a bar su su sauka kusa da ni. Ba sa cin na kowa. Ruwa suke tacewa, ruwan ma da sun tace ya fi kyau ga kowa."

Kififiya ta gyaɗa kai. "Magana mai kyau, kuma cikin ladabi. Wane gida ne kai?"

"Gidan laka, ranki ya daɗe. Haka ubana ya ce."

"Ubanka an duba shi?"

"Ba a duba ba."

Gwaggo Kaguwa ta matso ta zagaya shi a karkace, tana ƙwanƙwasa bayansa da babban hannunta.

"Ni ban ga abin wahala ba," in ji ta. "Labarin zuciya a tambayi fuska. 'Yan laka suna da zane mai zurfi a baya, daga mahaɗa har baki. Na ɗauki kawa a hannun nan fiye da yadda wani ya ga ruwan sama. Wannan bawan Allah zanensa ya goge saboda tsufa, amma ga alamarsa nan. Ban da haka, 'yan laka jininsu ja ne kamar na dabbar tudu, na 'yan yashi kuwa fari ne kamar ruwan shinkafa. Wannan da ganinsa mai jan jini ne."

"Yaya aka yi kika san launin jininsu, Gwaggo?" in ji wani ɗan kifi daga cikin kududdufi.

"Karatu," in ji Kaguwa.

Malam Zalɓe ya sauke ɗaya ƙafarsa, ya gyara murya.

"Allah ya ja zamanin shugaba. Ina girmama Gwaggo, amma kama da wane ba ta wane. Zanen baya ado ne, laka da yashi ke gyara shi yadda suka ga dama. Na sha ganin mai zane wanda cikinsa ɗan yashi ne tsantsa, na ga mai santsi wanda matajinsa ya fi na kowa kyau. Da za a bi baya, da rabin yashi ya kwararo nan yana cewa tsufa ne ya goge shi. Magabata ba su kafa doka a kan haƙora don wasa ba. Haƙori ba ya ƙarya. Duk abin da muka sani game da wannan dangi mai albarka, daga ciki muka san shi, kuma zan iya cewa ba tare da alfahari ba, babu wanda ya shiga cikin al'amarin kawa kamar ni."

Aka yi ta kai da komo. Kaguwa ta ce Zalɓe ya raba dangi ɗaya gida bakwai don kawai a ce shi ya gano. Zalɓe ya ce in an bar wa Kaguwa, har dutse za ta sa a dangin kawa tunda shi ma ba ya magana. Rana ta ɗaga, laka ta fara tsagewa, Jatau yana jin jikinsa yana bushewa daga gefe.

Ya sake buɗe baki. "Allah gafarta Malam, ɓawon ubana yana nan bayan saiwar can. A duba nasa mana."

"Wa zai shaida cewa na ubanka ne?" in ji Zalɓe cikin taushi. "Ɓawon da ba kowa ciki na kowa ne. Doka ta ce a duba mai ƙara, a gaban majalisa."

"To ga ni. A leƙa."

"Ɗan buɗewar nan ba ta isa ba, ɗan'uwa. Haƙoran suna can ƙurya. Sai an shimfiɗa ɓawon biyu sosai. Akwai waɗansu jijiyoyi biyu da ke riƙe su, to su ne ake ɗan sassautawa. Aiki ne na ɗan lokaci. Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi."

Jatau ba malami ba ne, amma ya san jijiyoyin nan biyu. Da su yake rufewa.

"Waɗanda aka duba a baya, Malam, suna ina?"

"Babu ko ɗaya da ya dawo da ƙorafi," in ji Zalɓe.

Jatau ya rufe baki ya yi tunani. Abin da ya fi damunsa ba bakin Zalɓe ba ne. Shi kansa bai san irin haƙoransa ba. Wa ya taɓa ganin ƙeyarsa? Yana jin su kullum in ya rufe, amma bai taɓa jin na wani ba balle ya gwada. In ubansa kuskure ya yi fa? In kakan nan da ambaliya ta kawo daga yashi ta ɗauko shi? Sai ya zama ya ba da kansa ya kuma rufe wa yaran ƙofa da hannunsa. In kuma ya ja jiki ya koma rami, zai ci gaba da shan ruwansa shekaru, yana jin ƙanshinsu yana raguwa har ya ɓace. Ya auna wannan, ya ga ba zai iya ba. An ce haihuwa maganin mutuwa, amma ba a faɗi wanda zai sha maganin ba.

Can nesa ya ji ƙasa ta fara sanyi. Ruwa ya juyo.

"Ranki ya daɗe," in ji shi, "in aka ga mataji, yau za a yanke hukuncin? Ba za a ɗaga sai wani zama ba?"

"Yau ɗin nan," in ji Kififiya. "Majalisa ba ta wasa da haƙƙin talaka."

"A gaya wa Tabawa ta rage ci kwana biyu. Za su sauko ta wajenta."

Ya saki jikinsa, ya buɗe iyakar yadda mai rai ke iyawa. Malam Zalɓe ya yi bisimilla ya ƙarasa sauran.

Jini ya gangaro kan laka, ja wur.

"Me na ce?" in ji Kaguwa, ta matso don ta tabbatar da kyau.

Da aka share wurin aka shimfiɗa ɓawon biyu a gaban shugaba, sai ga haƙora ƙanana a jere, daga wannan gefe zuwa wancan, babu giɓi ko ɗaya. Malam Zalɓe ya goge baki ya ce a duk shekarunsa bai ga mataji mai kyan wannan ba, ya kuma nemi a ajiye ɓawon a gindin itace don masu neman ilimi. Kififiya ta yanke hukunci cewa Jatau ɗan asalin laka ne gaba da baya, an zalunce shi da aka bar shi a zaman alfarma, kuma 'ya'yansa suna da iko su sauka inda suka so. Aka yi masa addu'a. Waɗansu har da hawaye.

Ana shirin tashi sai Kaguwa ta ɗaga hannu.

"Ranki ya daɗe, yarana masu gadi za su tambaye ni. 'Ya'yan nan a ruwa aka sake su, sun cakuɗe da na kowa. Yaya za a gane na marigayi?"

A karo na farko Malam Zalɓe ya ce Gwaggo ta yi gaskiya. Ya ƙara da cewa yanzu haƙoran yaran ba su fito ba, duba su ɓata lokaci ne.

Ruwa ya riga ya taɓa ƙafar shugaba, don haka ba a ja maganar ba. Aka amince duk yaron da ya ce shi na Jatau ne a bar shi ya sauka, kada mai gadi ya taɓa shi, a kuma kula da shi sosai.

Da teku ta cika, Tabawa ta ji su suna saukowa ta ko'ina, suna taɓa bayanta, suna neman wuri da 'yan ƙafafunsu. Ramin da ke gefenta ya cika da su kafin laka ta rufe shi. Ta tsuke bakinta, ba ta ci komai ba ranar.

Majalisa kuwa ta yi alkawarin ba za ta bar ko ɗayansu cikin shakka game da asalinsa ba. Za a duba su ɗaya bayan ɗaya, da zarar sun yi ƙiba.