Likitan Itace da Gawon Tabawa

Ranar Talata, sha biyar ga watan Yuli na shekarar 2025, da ƙarfe tara da kwata na safe, wani mutum mai suna Ubaidullahi ya tsaya a ƙofar gidan mai garin Tungar Maiwake, cikin karkarar Dogarawa, ya bugi ƙirji ya ce: "Daga Kwatano har Ikko babu iccen da ya taɓa ganina bai yi makyarkyata ba. Ni da ido ɗai nika auna icce, in gaya muku ranar da za shi hwaɗi, har da lokacin."

Mai karatu, riƙe wannan rana da kyau, don daga nan ɓarnar ta fara.

Kwana biyu kafin nan an yi iska irin wadda tsofaffi suka ce rabonsu da ita tun suna da haƙora. Ta yaye rufin rumbuna, ta kwantar da danga, ta zubar da rassa a kan hanyar da motocin Dogarawa ke bi. Mutanen gari suka fito da gatari da adda, suka yi gayya, kafin azahar ta Litinin hanya ta buɗe. Sai da aiki ya ƙare sarai, aka share, aka sha fura, sannan gwani ya iso.

Ya zo a kan moto, wato babur, ja mai walƙiya, da hular kwano rawaya, da riga mai ƙyalli irin ta masu gyaran titi, da gwangwanin jan fenti, da injin zarto ɗaure a baya kamar ragon layya. Ɗan garin ne. Uwarsa Bara'atu tana nan da ranta. Amma tun yana shekara bakwai kawunsa ya tafi da shi Kwatano, can ya girma a bakin teku, kuma waɗanda suka san shi can sun tabbatar da cewa aikinsa a wurin masu yankan katako shara ce. Shekara goma sha ɗaya yana kwashe garin katako da tsintsiya. Ya dawo gida da suna Likitan Itace, sunan da shi ya raɗa wa kansa, ba a yanka ko zakara ba.

Ya zaro wata takarda mai hatimi biyu ya kaɗa ta a gaban mai gari Alhasan. "Izini na daga sama," in ji shi. "Duk iccen da ya mutu sai an kada shi, kada shi kashe mutane." Mai gari bai yi lakwal ba, wato makarantar boko, kuma a duniya babu abin da yake tsoro kamar hatimi. Ya ce to.

Tabawa tana tsugune tana gyara dangar da iska ta karya lokacin da ta ga hular kwano ta ɓullo a bayan gidanta. Tabawa dai tsohuwa ce, mijinta ya rasu, ƴaƴanta suna ci-rani. Abin da take da shi gonar bayan gida ce, da awaki shida, da gawo guda a tsakiyar gonar, wanda maza uku ba sa iya kewaye shi da hannu. A ƙarƙashinsa geronta yake fin na kowa tsawo. Da rani, in ciyawa ta ƙare, ƴaƴansa ne abincin awakinta. A taɓa gawon nan, an taɓa tukunyarta.

A bakin gonar kuma akwai wani dogon yaro da iskar ta jijjiga. Ya karkata wajen gona, saiwoyinsa sun ɗaga ƙasa kamar tabarma. Tun jiya ta kwance awakinta daga gindinsa.

"Sannu da zuwa, ɗan Bara'atu," ta ce. "Allah ya kawo ka. Ga shi can, wanga dogon yaro, shi ka hana ni sukuni."

Ubaidullahi ya je ya ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa, ya kara kunne kamar mai sauraren rediyo. "Wanga? Inna, wanga icce ya hi ki lahiya. Dubi kunnuwansa, kore shar. Za shi yi shekara hamsin nan gaba." Don ya nuna mata ƙarfin iliminsa, sai ya turo motonsa ya kafe shi a inuwar.

Sannan ya juya ya ga gawo. Babu ganye ko ɗaya, sai rassa farare da ƙaya.

"Innalillahi! Ga gawa tsaye kuna kwana kusa da ita!"

Yanzu, mai karatu, in kai ɗan ƙasar nan ne, na san ka riga ka dafe kai. Ɗan aji ɗaya ya san gawo da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore. Akuya ta sani. Jaki ya sani. Abin da ya sa gero yake samun rana a ƙarƙashinsa ke nan. Mutum ɗaya ne tak a faɗin jihar Tawa bai sani ba, kuma shi ne mai injin zarto.

"Kai ɗan nan, gawo na," in ji Tabawa. "Haka shika yi. Kwana shikai, da kaka za shi tashi."

"Inna, icce ba shi kwana. Wanga ilimin ƙauye na. A kimiyyance ya mutu, ya kai wata bakwai."

"Wata bakwai? Watan jiya awakina sunka gama cin ɗiyansa!"

"Gawa ma takan yi motsi, Inna. Ja baya."

Ya tsoma tsumma a fenti ya zana wa gawon ƙatuwar alama ja.

Tabawa ta zauna a gindin gawon ta miƙe ƙafafu. Ta ce sai dai ya fara yanka ta. Ya nuna mata takarda. Ta ce ita ba ta san takarda ba. Mai gari ya iso da mutane, kowa ya ce gawo ne, haka yake yi, amma da Likita ya ɗaga hatimi sai murya ta yi ƙasa. Nan Tabawa ta ga ba sarki sai Allah. Ta miƙe, ta fizge takardar daga hannunsa, ta ce a jira ta, za ta kai wa Mushe Almustafa, tsohon malamin lakwal, ya karanta mata. Mushen nan (haka ake kiran malamin boko a wajenmu) shi ne mai wannan rubutu, kuma gidansa tafiyar minti goma sha biyu ce daga gonar, ga mai ƙafar tsohuwa.

Mushe ya sa tabarau ya karanta sau biyu. Takardar shagon da aka sayi injin ce a Kwatano. Hatimi na farko na mai shago ne. Na biyu yana cewa kayan da aka saya ba a mayarwa.

Suna hanyar dawowa suka ji injin ya tashi da kuka. Tabawa ta saki takarda ta sa gudu, gudun da ba ta yi irinsa ba tun tana budurwa. Ba ta kai ba sai kukan ya koma tari, tarin ya koma shiru.

Abin da ya faru shi ne, Sarkin Shara bai san ana fara sare baki a gefen da ake so itace ya faɗi ba. Shi dai ya danna zarto kai tsaye. Ƙarfen ya shiga kamar taƙi ɗaya, gawon ya sauke nauyinsa ya damƙe shi. Likita ya ja, ya ja, ya sa ƙafa a jikin itacen ya ja, hular kwano ta rufe masa ido. Zarto ko gezau.

"Hidda ƙarhenka daga jikin iccena," in ji Tabawa.

"Kwantar da hankalinki, Inna. Cikin tsarin aiki na. A Kwatano haka muka yi, mu bar inji shi huta."

"Shi huta gidanku!"

Mushe, wanda ya tsinto takardar, ya karanta wa jama'a ita da ƙarfi, ya fassara ta kalma bayan kalma. Mai gari ya cire hula ya sosa kai ya mayar. Da mai kunya ne, da a nan ya nemi gafara. Amma Ubaidullahi sai ya ce takardar izinin tana ɗaya aljihun, a gida, sannan ya kawo sabuwar dabara: zai hau gawon ya ɗaura igiya a sama, a ɗaure ɗaya bakin a wani abu mai ƙarfi, maza su rataya a tsakiya, gawon ya ɗan buɗe baki ya saki zarto.

"In ya hwaɗi hwa?" in ji Tabawa.

"Ai gawa ba ta jin ciwo."

Ta dubi kaurin gawonta, ta dubi ɗan yankan, ta matsa gefe. So take ƙarfen ya fita.

Aka kawo tsani da igiyar rijiya. Likita ya hau, ƙaya tana gaishe shi a kowane reshe, shi kuma yana amsawa da wani yare na bakin teku. Ya ɗaura igiya. Daga can sama ya nuna da yatsa.

"Ku ɗaure ga wancan dogon yaro!"

"Ubaidu, iccen nan saiwarsa waje take," in ji mai gari.

"Ranka shi daɗe, ni na auna shi da kaina. Ku ɗaure!"

Aka ɗaure. Maza takwas suka rataya. Likita yana ƙirga musu da Faransanci, wanda ya tsaya masa a uku. A ja na farko gawo bai san ana yi ba. A ja na biyu ƙasa ta yi wani nishi. A na uku Tabawa ce ta fara gani, ta kurma ihu: "Ku watse!"

Suka watse kamar kaji. Dogon yaro mai shekara hamsin nan gaba ya taho gaba ɗaya, da saiwa da ganye, ya kwanta a kan moto ja. Kan reshensa ya share tsani ya raba shi uku. Da ƙura ta lafa, babu wanda ya ji ciwo. Daga ƙarƙashin ganye sai ƙahon moton yake ta kuka shi kaɗai, har ya gaji.

Gawo yana tsaye. Likita yana bisansa.

"Ku kawo wani tsani!"

"Shi ɗai na garin ga," in ji mai gari. "Na masallaci na."

Ya yi awa ɗaya da minti goma a sama. Rana ta take. Mata masu dawowa daga rijiya suka sauke tuluna suka zauna. Mai ƙosai ta matso da kaskonta. A ƙarshe ya ce zai sulalo ta igiya, yadda ake yi a jirgin ruwa. Ya kama igiya ya saki reshe. Abin da bai lissafa ba, ƙaya ta riga ta shiga wandonsa ta baya ta yi masa riƙon amana. Ya rataya kai ƙasa, yana harbin iska. Sai aka ji ɓarrr. Mutum ya sauko, wando ya zauna.

Ya faɗo cikin kunyar gero da hular kwano, da riga mai ƙyalli, da takalma sau ciki. Tsakanin riga da takalma kuwa, ba zan rubuta ba, don yara suna karatu.

Tabawa ta kwance mayafinta ta tsaya a kansa.

"Ɗan Bara'atu, gawon ga ya mutu ko yana da rai?"

Yana durƙushe, ya ja riga ƙasa da hannu biyu, ya ce: "A kimiyyance..."

"Ungo, rufe kimiyyar," ta ce, ta jefa masa mayafin. "Don uwarka na yi, ba don kai ba."

Ya ɗaura shi a ƙugu. Aka kira ɗan kabu-kabu, ya hau baya a karkace, ƙafafu a gefe guda, aka yi garin Malbaza da shi.

Washegari Nasiru maƙeri ya zo da guduma da ƙarfe ya fitar da zarton cikin minti shida. Tabawa ta kwaɓa laka da kashin shanu ta liƙe ciwon, kullum da safe tana zuwa ta duba shi. Kusan wata uku ba ta da magana sai ta gawo. A makon farko na Oktoba ta ga toho. Yau da nake rubutu ya yi kore daga sama har ƙasa, da jan fentinsa.

Da a nan abin ya tsaya, da na ajiye alƙalami. To, amma direbobi uku na motocin siminti, kowa daban, sun gaya mini cewa mutumin nan yana zaune wajen mai shayi a tashar Malbaza yana ba da labari: wai ya iske mataccen gawo a wani ƙauye, ya yi masa tiyata, ya tashi. Har yana neman a ba shi sauran itatuwan karkara.

Saboda haka, ga abin da ake nema, kuma ba a rage ko ɗaya. Ranar Juma'a, bakwai ga watan Nuwamba, bayan an sauko daga masallaci, Ubaidullahi ɗan Bara'atu ya zo gindin gawon, ba hular kwano. Ya faɗa da bakinsa, a gaban mai gari da jama'a, cewa gawo da damina yake zubar da ganye. Ya nemi gafarar Tabawa sau uku, da ƙarfi, don kunnenta na hagu ba ya ji sosai. Ya kawo wa masallaci tsani. Ya dawo da mayafin, wankakke.

Wandon kuwa kada ya sa rai. Tabawa ta ce a bar shi inda yake. Tun da ya rataya a can, tsuntsu ko ɗaya bai sauka a geronta ba, kuma a cikin su biyun, shi da wandon, wandon ne ya iya aiki.