Jatau Mai Gadin Sabis

A Kwarin Gawo akwai wani mutum ana ce masa Jatau. Gidansu mutum uku ne: shi, da matarsa Ladingo mai tuyar ƙosai, da mahaifiyarsa Iya Tabawa wadda ta daɗe da daina mamakinsa. Jatau ba ya ƙarya, ba ya ƙiwuya. Matsalarsa ɗaya ce, yadda ka faɗi magana haka zai ɗauke ta.

Da aka kafa ƙarfen intanet a bayan ɗakin shan magani, aka ba shi gadi. Kowa na iya zama kusa ya kama sabis kyauta, shi ya sa kullum wurin a cike yake, sabis kuma sai jan ƙafa. Sai aka turo Injiniya Sallau daga birni ya gano abin da ke cinye shi.

Wata rana Injiniya ya ce, "Jatau, aikinmu shi ne mu san abin da ke bi ta layin nan. Ka sa ido." Jatau ya shimfiɗa buhu ƙarƙashin wayar da ta sauko daga ƙarfen, ya yi rigingine tun hantsi har la'asar. Da aka tambaye shi ya ce, "Yallaɓai, ƙadangare huɗu, sai tururuwa da suka ƙi tsayawa a ƙirga."

Wata rana Injiniya ya nuna masa kwamfuta. "Ka ga? Wannan na masu kallon bidiyo ne, wannan na masu kira, wannan na masu tura saƙo. So nake a raba su, kowa da rukuninsa." Yana shiga sallah Jatau ya samo toka ya ja layi uku a ƙasa. Masu bidiyo gindin tsamiya, masu kira bakin rijiya, masu saƙo jikin katanga. Sai ga Mai Unguwa Barau yana magana da ɗansa da ke Legas, fuskar ɗan tana kan waya.

"Ranka ya daɗe, kira kake yi ko kallo?"

"Duka biyun."

Sai Jatau ya roƙe shi ya sa ƙafa ɗaya a nan, ɗaya a can. Injiniya ya fito ya tarar da dattijo a wage, ya ba shi haƙuri. Daga baya ya ce wa Jatau ita ma kwamfutar takan rikice a daidai wannan wurin.

Wata rana Injiniya ya ce, "Bidiyo ne ya fi nauyi, shi ke toshe hanya." Jatau ya aro sikelin mahauci ya riƙa ɗora wayoyin mutane ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta rinjayi kowa tsohuwar wayar Iya Tabawa ce, mai maɓallai, an ɗaure ta da kyauro, ko hoto ba ta ɗauka. Ya ce, "Iya, ashe ke ce." Ta karɓe wayarta ta ce, "Ni na haife ka, ba ni da wanda zan kai wa ƙara."

Wata ranar kasuwa, Injiniya ya koma birni da kwamfutarsa, maciji ya sari wani manomi mai suna Ɗanjuma a gona. Aka kawo shi ƙafa ta kumbura, dasashi yana jini. Malama Ladidi, ma'aikaciyar ɗakin shan magani, tana da allurar maganin dafi, amma tana so likitan birni ya ga ƙafar da macijin da aka kashe kafin ta yi. Ta kira shi ta bidiyo, hoton ya daskare. Ta sake kira, murya ta tsinke. A waje kuwa mutum ya fi sittin, kowa ya duƙufa a kan wayarsa.

Ta kira Injiniya ta layin waya, Jatau na tsaye a ƙofa yana ji. Injiniya ya ce, "Da ina nan da na tsayar da komai na buɗe wa kiran likita hanya. Shi kaɗai ya kamata ya wuce."

Jatau bai jira sauran ba. Ya ɗauki gorarsa ya fita yana ihu, "A ba da hanya! Kiran likita zai wuce!" Ya kora masu bidiyo, ya kora masu saƙo, ya kora mai rake da baronsa, har da Ladingo da kaskonta. Mutane suka zaci wani babba ne tafe, suka yi ta ja da baya. Bai bar su ba sai da ya kai su gangaren rafi, inda sabis ba ya kaiwa.

A ɗaki hoton ya washe. Likita ya ga ƙafar, ya ga macijin, ya ce kububuwa ce, ya faɗa wa Malama Ladidi yadda za ta yi. Kafin la'asar jinin ya tsaya.

Washegari Injiniya ya dawo, ya duba kwamfuta ya ga tsawon awa guda kira ɗaya ne tak a kan layin. Ya ce, "Jatau, kowa da kowa ka kora?"

"Saura akuya ɗaya, yallaɓai. Ta ƙi tashi. Na duba ta ba ta da waya, sai na ƙyale ta."