Gidan Mutum Ɗaya

Da muka gudo Gadarif daga Khartum, ni na rubuta manhajar da ke aika sunayen mutanen kowane gida zuwa kwamfutar masu rabon dawa. Na bugi ƙirji na ce ba sai an gwada ba.

Ashe idan gidan mutum ɗaya ne, manhajata takan aika sunan shi kaɗai, kwamfutarsu kuwa jerin sunaye kawai take karɓa.

Ranar rabo aka nemi sunan Haboba, tsohuwar da ke zaune ita kaɗai kusa da mu, aka rasa. Ta dafa kafaɗata: "Ma'alesh, ba komai, ɗana, na saba."

Da aka gyara kuskuren, da kaina na kai mata buhunta. Har yau in ta hango ni sai ta jawo akuyarta: "Injiniya, rubuta, mu biyu ne!"