Lalas a Wuyan Jobariya

"...raƙuma lafiya, rijiya lafiya. Ke fa, 'yar kawu, ya zafin Ingal?"

"Riƙe gaisuwarka, Ewangay. Ina Jobariyata?"

Ko tabarma Tanalher ba ta shimfiɗa masa ba, don kwana uku ke nan tana cika tana batsewa. Shekara da shekaru tana tara 'yan mutum-mutumin roba na dabbobin nan na zamanin da, masu dogon wuya da cin ganye. Shida na jere a kan akwatinta. Ta bakwai, Jobariya, ita ce ranta, domin masu tonon ƙasusuwa ne suka ba marigayi mahaifinta lokacin da ya yi musu jagora a hamada. Ita kuwa wannan taubashin nata ya sunkuce ranar da aka yi wani suna a gidansu, wai shi wasa.

Ewangay ya kwance bakin rawaninsa ya fiddo ta. A gindin wuyan ga ƙuna baƙi ƙirin, robar ta narke.

"Innalillahi! Wuta ka sa mata?"

"Lalas dai. Da allura, a garwashin shayi. Ko kuka ba ta yi ba, ta fi ki haƙuri."

"Kai ɗan gwaggo, akwai kai a cikin rawanin nan kuwa, ko yashi ka ƙunsa?"

"Dabba da wuya haka tana zaune ba shaida? Duk wanda ya tsince ta a bakin rijiya ai tasa ce."

"Wace rijiya? A kan akwati take!"

"Daga kan akwatin na ɗauke ta. Wa ya hana ni?"

"Ɓarawo! Ka ji mai raƙuma ɗaya, ita ma gurguwa, zai koya mini kiwo."

"Gurguwar ta fi garkenki. Bakwai reras, ba mai ba da nono. Ban taɓa ganin makiyayiya mai goge dabbobinta da tsumma ba sai ke."

"Wannan kaɗai Abba ya miƙa mini da hannunsa! Ka je Yamai ka nemo irinta in ka isa. Wallahi sai Gwaggo ta ji, ta tuɓe maka rawani a tsakiyar kasuwa!"

Wannan karon fa ba wasan taubasai ba ne, zuciyarta ce ke ƙuna da gaske. Ewangay ya daina murmushi.

"Kai ta haske ki duba, masifaffiya."

Ta fizge ta, ta nufi bakin ƙofa. Layi biyu da ɗigo a tsakani. Ba shaidar gidan su Ewangay ba ce, ta mahaifinta ce. Rabonta da ganin ta tun farin da ya cinye masa raƙuma.

"Shekara goma sha ɗaya shaidar kawu ba ta kan wuyan kowace dabba," in ji shi. "Na duba, wannan ce kaɗai ta rage a garkensa. Ita kuma fari ba ya kashe ta."

Tanalher ta sake duban shaidar. Ta goge ido da bakin mayafi, sai dariya ta kubce mata.

"Ko lalas ɗin ba ka iya ba, a karkace yake."

Ta tura masa akushin dabino da ƙafa.

"Ci, ɓarawo. Amma ka kuskura ka taɓa sauran shidan, kai zan yi wa lalas a kan dogon hancin nan."